Bompai, Sharaɗa da Challawa: Tarihin Masana'antun Kano da Darasin Wani Gari na Kataloniya



Gabatarwa

Duk wanda ya bi titin Sharaɗa da sassafe, ko ya ratsa Bompai ta titin Maimalari, ko ya miƙa hanyar Panshekara ya karya zuwa Challawa, lalle zai ga abubuwa iri biyu gefe da gefe. Zai ga ƙofofin da ma'aikata ke tururuwar shiga, manyan motoci na jiran lodi. Zai kuma ga waɗansu ƙofofin da aka garƙame shekara da shekaru, ciyawa ta rufe harabarsu, waɗansu kuwa an mai da su ɗakunan ajiye kayan da aka ƙera a wata ƙasa. Tambayar da nake so mu duba a wannan lacca ita ce: me ya tsai da waɗannan unguwannin masana'antu uku tun farko, me kuma ya durƙusar da mafi yawan abin da aka gina a cikinsu?

Amsar da zan kawo ita ce, arzikin Kano tun asali sarƙa ce mai haɗe da juna, wadda ta taso daga gona ta bi ta hannun mai sana'a ta ƙare a kasuwa, kuma masana'antun zamani sun yi ƙarfi ne a lokacin da wannan sarƙa take nan, suka raunana sa'ad da ta tsinke. Domin mu ga haka sosai, zan kwatanta Kano da wani ƙaramin gari mai suna Igwalada a lardin Kataloniya ta ƙasar Sifen, wanda shi ma da jima da saƙa ya ginu, ya sha irin wahalar da muka sha, amma ya fita ta wata ƙofa dabam.

Kano Kafin Zuwan Inji

Kano gari ne na masu sana'a tun kafin a san da sarauta a cikinsa, domin binciken da aka yi a gindin Dutsen Dala ya nuna ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Tarihin sarakunan Kano ya ce Bagauda ya fara mulki a 999, Gijimasu kuma, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ginin ganuwa. A zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka kafa Kasuwar Kurmi aka gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, kuma ga wannan zamani ne ake danganta marinar Ƙofar Mata. Waɗannan wurare da muke kai baƙi su gani a yau, tare da Gidan Makama, a da wuraren aiki ne da ciniki da tsaro. Sunayen unguwanni ma shaida ne: Dukawa, Soron Ɗinki, Kwarin Mabuga, kowace da sana'ar da ta ba ta suna.

Sa'ad da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, yawan da yakan ninka a lokacin da fatake suka taru. Ya ƙiyasta kuma cewa tufafin da Kano ke sayarwa a waje sun kai na wuri miliyan 300 a shekara, suna zuwa har Tumbutu da Gat da Murzuk da Tarabulus. Abin lura a nan shi ne yadda aikin yake a rarrabe amma a haɗe. Manomi ya shuka auduga da baba, mata su yi kaɗi a cikin gida, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buga har ta yi ƙyalli, sa'an nan falke ya ɗora wa jaki ko raƙumi. Binciken marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, ya nuna cewa mafi yawan wannan aiki a garuruwan karkara ake yin sa, irin su Kura, inda ake rina turkuɗin da Buzaye ke so.

Haka sha'anin fata yake. Majemi yakan cire gashi da toka, ya jeme da bagaruwa, a rina ja da karan dafi, baduku ya ɗinka takalmi da jaka da linzami da sirdi. Fatar jar akuyar Sakkwato takan ƙetare Sahara har ta isa Turai, inda ake kiranta fatar Maroko saboda ta tashoshin Afirka ta Arewa take fita. Ke nan tun a wancan zamani akwai matsalar da za mu sake gamuwa da ita nan gaba, watau mu yi wahalar, wani ya ɗauki sunan.

Jirgin Ƙasa da Gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, titin jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Burin Turawa shi ne auduga domin masaƙun Lankasha, amma kamar yadda Jan Hogendorn ya nuna a littafinsa na 1978, manoman Kano da fatakensu sun yi nasu lissafin. Auduga tana da kasuwa a gida wadda ta fi ta Bature tsoka, gyaɗa kuwa ana iya sayar da ita, in fari ya zo kuma a ci ta. Saboda haka suka rungumi gyaɗa. Tsofaffin fataken goro, waɗanda Alhassan Ɗantata ya fi shahara a cikinsu, suka zama dillalan kamfanonin Turawa, dalar gyaɗa ta tashi a gefen tashar jirgi, Kwarori kuma, watau mutanen Lebanon da Sham, suka kafa kantunansu a wurin da har yau ake kira Kantin Kwari.

Jirgin da ke fita da gyaɗa shi ne ke shigowa da yadin Ingila, don haka masaƙa da marina suka fara jin jiki. Amma wannan zamani ya bar wa Kano abubuwa uku da masana'antu suka dogara a kansu daga baya. Na farko, hanya: jirgin ƙasa zuwa teku, reshe zuwa Nguru a 1930, da filin jirgin sama, bayan jiragen farko sun sauka a 1925. Na biyu, ruwa da wuta: a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta yi aikin ruwan famfo da na lantarki daga bakin kogin Challawa a farkon shekarun 1930, da kuɗin baitulmalinta. Na uku, jari a hannun attajiran gari da na baƙi mazauna.

Bompai

Bompai tana arewa maso gabas da tsohon birni, a ɓangaren da Turawa suka keɓe wa ofisoshinsu da barikin 'yan sanda, kusa da titin jirgi. Ita ce ta fara zama unguwar masana'antu, daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa na 1950. Masana'antun farko duk 'ya'yan gona ne da garke. Akwai matsar man gyaɗa, wadda Kwarori da Girkawa irin su George Calil da P. S. Mandrides suka yi fice a cikinta, ana fitar da mai, tunkuzar kuma ta zama abincin dabbobi. Akwai jima ta zamani, wadda kamfanin John Holt ya soma a ƙarshen shekarun 1940. Daga baya aka samu masu yin sabulu da turare da alewa da kwanon sha da takalman roba, da wurin haɗa keken Raleigh.

'Yan kasuwar gari ba su zauna suna kallo ba. A farkon shekarun 1950 suka haɗa jari a ƙarƙashin kamfanin Kano Citizens Trading Company, suka kafa masaƙa a Gwammaja. Wannan yunƙuri ya cancanci a tuna da shi, domin shi ne karo na farko da attajiran Kano suka gwada haɗa hannu a kan inji maimakon kowa ya tsaya a kan rumfarsa.

A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, Kano ce kuma cibiyar cinikin. Garin ya yi ta faɗaɗa har hukuma ta ga wajibi ne a tsara shi. B. A. W. Trevallion ya rubuta tsarin raya birnin Kano da kewaye na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya tanadi filaye na musamman domin masana'antu.

Sharaɗa da Challawa

A ranar 27 ga Mayu, 1967 aka ƙirƙiro Jihar Kano, Audu Bako ya zama gwamnanta na farko har 1975. Bompai ta riga ta cika, sai aka buɗe Sharaɗa a kudu maso yammacin birni a farkon shekarun 1970, aka yanka ta kashi-kashi har uku. Challawa ta biyo baya, can kudu a ƙasar Kumbotso, kusa da kogin da ta ci sunansa, kuma saboda yalwar fili da ruwa manyan majemu suka fi karkata can.

Abubuwa da dama suka taru suka sa wannan zamani ya zama na bunƙasa. Kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo daga 1973, ƙarin albashin Udoji ya sa kuɗi a aljihun ma'aikata a 1975, gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi ko ta hana shigo da kayan da ake iya yi a gida. Dokokin mallakar da kamfanoni ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun buɗe wa attajirai irin su marigayi Aminu Ɗantata ƙofar sayen hannun jari a kamfanonin baƙi. Marigayi Isyaku Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda a farkon shekarun 1970, kamfanin fulawa na Arewa ya fara aiki a Bompai a tsakiyar shekarun, aka kafa wurin haɗa manyan motocin Fiat a hanyar Zariya, sa'an nan masaƙar Gaskiya ta Alhaji Nababa Badamasi ta zo a tsakiyar shekarun 1980. A wancan lokaci, ana lissafa Kano a matsayin ta biyu ga Ikko a yawan masana'antu.

Su wane ne ma'aikatan? Paul Lubeck, a littafinsa na 1986 kan leburorin Kano, ya nuna da yawansu 'yan ci-rani ne da gardawa da suka zo birni neman ilmi, suka shiga masana'anta domin su tara ɗan jari su kama kasuwanci ko su yi aure. Ga dubban gidaje a Dakata da Tudun Wada da Sheka da Panshekara, ƙarar jiniyar canjin aiki ita ce agogo, albashin ƙarshen wata kuma shi ne ke juya kasuwar unguwa.

To, amma ko a wancan lokaci na wadata akwai tsaga a bangon. Yawancin sababbin masana'antun haɗa kaya kawai suke yi: inji daga waje, kayan gyaransa daga waje, sinadari daga waje, alkama daga waje, ƙwararren mai kula da injin ma sau da yawa daga waje. Tsohuwar sarƙar nan ta gona da sana'a da kasuwa ba a ɗaura su a jikinta ba. Baduku na Ƙofar Wambai da majemar Sharaɗa suna gari ɗaya, amma kusan ba abin da ya haɗa su.

Yadda Sarƙar ta Tsinke

Gona ce ta fara sakin igiya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 suka karya noman gyaɗa, farashin da hukumar ciniki ke biyan manomi kuma bai ba shi dalilin komawa ba. Dalar gyaɗa ta ɓace, matsun mai suka rasa abin matsa. Auduga ita ma ta yi baya, musamman bayan da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986 ba tare da an tanadi wanda zai riƙa kula da ingancin iri da raba shi ba.

Na biyu shi ne kuɗin musaya. Da farashin fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, samun lasisin shigo da kaya ya zama aiki. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka sani da SAP. Naira wadda a 1985 ta fi dalar Amurka daraja a farashin hukuma, sai ga shi a 1987 ana ba da wajen Naira 4 kafin a sami dala guda, a 1994 kuwa Naira 22. Duk masana'antar da ke sayen kayan aikinta da dala tana sayar da hajarta da Naira ta shiga uku. Hana shigo da alkama a 1987 ya tsai da injinan fulawa na wani lokaci.

Na uku shi ne buɗe kasuwa. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage hanin shigo da yadi a 1997, ko da aka mai da shi daga baya fasa-ƙwauri ya riga ya sami hanya ta kan iyakar arewa. A watan Janairu na 2005 tsarin da ke ƙayyade cinikin tufafi a duniya ya ƙare, yadin Sin ya malale kasuwannin Afirka. Kantin Kwari ta ci gaba da cika maƙil, har ta fi da, sai dai atamfar da ke cikinta ba ta Kano ba ce. Falken da kakansa ya kai turkuɗi Tumbutu, shi yanzu Gwanzu yake zuwa sari.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne daɗewa, shi ne wutar lantarki. Kano tana can ƙarshen layi, shekara da shekaru babban layi guda ne ke kawo mata wuta daga Kaduna zuwa tashar Kumbotso, wadda take maƙwabciyar Challawa. Masana'antun Ikko da Ogun suna da bututun iskar gas, na Kano kuwa sai baƙin mai da gas na janareta da ake ɗaukowa a tanka daga nisan kilomita 1,000. An sayar da kamfanin rarraba wutar Kano ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, an ninka kuɗin wutar manyan layuka fiye da sau uku a watan Afrilu na 2024, a watan Oktoba na wannan shekara kuma Arewa ta kwana fiye da mako a cikin duhu saboda lalata manyan layuka. Bugu da ƙari, jirgin ƙasan da aka gina Bompai dominsa ya daina zama abin dogaro, harin 20 ga Janairu, 2012, wanda ya halaka mutum fiye da 180 ya kuma shafi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, ya kori baƙin 'yan kasuwa na wani lokaci.

Fata da Ruwa

Sana'ar da ta fi jure wannan guguwa ita ce jima, dalili kuwa a fili yake: ɗanyen kayanta na gida ne, kuɗinta kuma da dala ake biya. Jimar zamani tana da matakai uku. Ana jeme fata da sinadarin kuromiyam ta fito a jiƙe mai shuɗi-shuɗi, sa'an nan a sake jeme ta a busar, daga ƙarshe a yi mata launi da ƙyalli ta zama gamammiya. Kowane mataki yana ƙara mata daraja. Gwamnati ta hana fitar da ɗanyar fata a wajen 1990, daga baya ta haɗa da mai shuɗin, ta kuma riƙa ba masu fitar da kaya tallafi. Wannan ya tilasta wa majemu hawa mataki, har fatar awaki da tumaki ta zama ɗaya daga cikin manyan kayan da Nijeriya ke fitarwa bayan fetur, mafi yawanta zuwa Italiya da Sifen. Duk da haka mataki na ƙarshe, watau ɗinka takalmi da jaka da sa musu suna, can yake faruwa. Ƙirgin shanu kuwa kusan duk a tukunya yake ƙarewa, an ci shi ganda.

Akwai kuma bashin da wannan sana'a ta ci ba ta biya ba. Dagwalon Bompai yana bi ta rafin Getsi ya shiga Jakara, na Sharaɗa ya bi ta Salanta, na Challawa ya faɗa kogin kai tsaye. Binciken da malaman jami'o'inmu suka yi ya sha nuna kuromiyam da waɗansu ƙarafa masu guba a waɗannan ruwaye fiye da ƙima. Da wannan ruwa ake ban ruwan latas da kabeji da karas da muke saye a kasuwa, kogin Challawa kuma shi ne ke gangarawa Tamburawa inda ake tace ruwan da birni ke sha. Tace dagwalon jima aiki ne mai tsada wanda ya fi ƙarfin ƙaramar majema ita kaɗai. A nan ne labarin garin da na ambata a farko zai yi mana amfani.

Igwalada

Igwalada tana yamma da Barsalona da tafiyar kimanin kilomita 60, a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Anoya, kuma ita ce hedikwatar gundumar da ke da wannan suna. Mutanenta wajen 40,000 ne, ba su kai na unguwa guda ta Kano ba. Tun ƙarni na 14 akwai shaidar jima a garin. A ƙarni na 18 majema suka fita bayan ganuwa suka jeru a gefen wata tsohuwar magudanar ruwa mai tsawon kilomita 3 da ake kira Rek, wadda unguwar ta ci sunanta. A farkon shekarun 1840 aka gina babbar masaƙar auduga mai aiki da tururi, wadda gininta ke tsaye har yau, garin ya zama ɗaya daga cikin cibiyoyin saƙa na Kataloniya.

Sa'an nan masifa ta zo ta hanyar sufuri. Babban titin jirgin ƙasa daga Barsalona zuwa cikin ƙasa ya bi ta garin Manresa ya bar Igwalada a gefe, ba gawayi mai araha, kogin kuma bai da ƙarfin juya manyan injuna. Masaƙu suka rufe, mutane suka yi ƙaura, jirgi bai iso ba sai 1893. Garin ya koma ga jima, a ƙarni na 20 kuma ya kama saƙar rigunan ciki da safa da suwaita. Wannan ma ta sha kashi a hannun kayan Asiya a ƙarshen ƙarnin da farkon wanda muke ciki, daidai lokacin da masaƙun Kano ke rufewa.

Abubuwa uku suka yi da ya kamata mu duba. Na farko, ilmi: a 1958 aka kafa makarantar koyar da jima a garin, wadda a yau take cikin reshen Jami'ar Leida, tana horar da masana sinadarin fata tana yi wa majemu gwaji. Na biyu, ruwa: da dokokin muhalli na Turai suka tsananta, majemu kusan 30 suka haɗa kuɗi suka gina matatar dagwalo guda, ta fara aiki a 2005, kowace majema tana biya gwargwadon ƙazantar da ta zubar. Na uku, sun bar gasar araha, suka koma yin fata mai tsada domin manyan gidajen jaka da takalmi na Turai. Ko tsofaffin gine-ginen ba su bar su sun rushe ba. Gidan tarihin fata da aka kafa a 1954 yana cikin wata tsohuwar masaƙa, an adana wata majema ta ƙarni na 18 yadda take, daga 2009 kuma ana buɗe kasuwar tufafi ta 'yan kwanaki a cikin tsofaffin majemun Rek, wadda ke jawo dubban baƙi.

Kada mu ɗauka ƙasashen biyu ɗaya ne. Igwalada ba ta san ɗaukewar wuta irin tamu ba, tana cikin kasuwar Tarayyar Turai, bashin banki kuma yana da sauƙi, kuma duk da haka yawan majemunta da ma'aikatanta ya ragu ƙwarai a kan na da. Abin ɗauka a labarinta shi ne, abin da ya fi ƙarfin kamfani guda, masu sana'ar suka taru suka yi shi tare da hukumar garinsu. Hausawa sun riga sun faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

Bompai da Sharaɗa da Challawa ba su mutu ba. Ana jima, ana yin kayan roba da tabarmi da lemon kwalba da taliya, injinan casar shinkafa kuma sun yawaita tun daga 2015, su ma saboda ɗanyen kayansu daga Kura da Kadawa da Haɗeja yake zuwa, inda ruwan madatsar Tiga ta 1974 ke kaiwa. A 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajakuta zuwa Kano, a 2021 aka soma sababbin titunan jirgi zuwa Kaduna da Maraɗi, a watan Janairu na 2023 aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki da tashar wutar rana mai megawat 10 a Challawa. Waɗannan za su rage nauyi, amma tarihin da muka bi ya nuna hanya da wuta kaɗai ba su isa ba.

Ga ma'aikatan gwamnati da ke wannan zaure, ina ganin aikin yana wurare huɗu. A san fulotai nawa ne a waɗannan unguwanni ke aiki, nawa ne aka mai da su rumbuna ko gidaje, domin filin da aka bayar don masana'anta amana ce. A zaunar da masu majemu a kan matatar dagwalo ta haɗin gwiwa a kowace unguwa, wadda su za su riƙe ta su biya kuɗin tafiyar da ita, hukuma kuma ta riƙa auna ruwan tana bayyana sakamakon ga jama'a. A tsai da doka wuri guda, domin mai zuba jari ba zai sayi injin da zai yi shekara 20 ba alhali bai san abin da kwastan za ta ce baɗi ba. Sa'an nan a haɗa majemun Challawa da dukawan Ƙofar Wambai da cibiyar binciken fata ta Samarun Zariya, yadda gamammiyar fata za ta samu mai ɗinka ta a gida.

Ku kuma ɗalibai, tarihin waɗannan unguwanni yawancinsa ba a rubuce yake ba. Yana cikin kan tsofaffin masaƙa da makanikai da 'yan ƙungiyar ƙwadago da ke zaune a Dakata da Panshekara, kuma kullum raguwa suke yi. Ku je ku zauna da su, ku rubuta abin da suka gani. Masu karatun sinadari da injiniya kuma su ɗebo ruwan Salanta da Getsi su auna, su ɗauki matsalar majema guda su mai da ita aikin kammala digirinsu.